Yadda Na Auna Sama da Robar Wando

Mahaifina tela ne a Wunti, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya rubuta awon mutum a takarda ba. Idan ka kawo masa yadi, sai ya yago siririn ƙyalle daga ragowar wani ɗinkin, ya ɗora maka a kafaɗa ya ƙulla, ya ja zuwa wuyan hannu ya ƙulla, ya sauke zuwa gwiwa ya ƙulla. Shi ke nan an gama awo. Sai ya rataye ƙyallen a ƙusa jikin bango, kuma ko bayan shekara uku ka dawo, hannunsa kan naka zai sauka. Matasan telolin layin, masu tef a wuya, suna yi masa dariya. Amma in riga ta ƙi zama a jikin mai ita, wurinsa suke lallaɓowa da ita a cikin leda.

A can saman bangon, dab da silin, akwai ƙusa guda mai ƙyalle ɗaya tak, ya yi baƙi don tsufa. Awon ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni ya bi motar shanu zuwa Ikko. Da farko duk wata direbobi suna kawo wasiƙarsa. Da ya wuce Kumasi sai ta koma daga salla sai salla. Daga nan aka sami guda ɗaya daga wani gari na bakin teku wanda babu wanda ya iya faɗin sunansa daidai, sai kuma shiru. Kakata ta rasu tana tambaya ko mota ta zo. Baba bai yafe wannan ba. A gidanmu na Ƙofar Ran ba a cewa ƙaninsa, sai dai "wancan", kuma hukuncin da ya yanke guda ne, yana maimaita shi duk sanda aka yi zancen tafiya: duk wanda ya yi nisa mantawa yake yi, kuma da gangan.

To, ni ce na zo da zancen tafiya. Ina koyar da fiziks a wata sakandare kusa da barikin Shadawanka lokacin da na sami gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a ƙasar Afirka ta Kudu, kan ilmin sararin samaniya. Sun ba ni mako biyu in ce zan zo ko ba zan zo ba. Inna ta yi kuka ta share hawaye, ta ce ta yarda in Baba ya yarda. Ni kuwa ba ƙafa na rasa ba, kuma ba tsoro nake ji ba. Amma na san kaina. In na tafi ba da yardarsa ba, ko wace tauraruwa na duba fuskarsa zan gani a murtuke, kuma ƙyallena zai hau ƙusar sama kusa da na wancan.

Na same shi a shago bayan la'asar. Yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ya ce har baƙin taurin kan nata na ɗauko. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai tsayar da keken ɗinkin ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Me za ki je ki karanta da babu shi a nan?"

"Yadda sararin samaniya yake faɗaɗa, Baba. Da iyakar abin da za a iya hangowa a cikinsa."

"Yana faɗaɗa." Ya cije zare da haƙori. "To, faɗa mini. In na gane, kin san abin da za ki je nema, Allah ya kiyaye hanya. In ban gane ba, ke ma ba ki gane ba, sai ki zauna ki ci gaba da koyar da 'ya'yan sojoji."

Wannan tsohuwar ƙa'idarsa ce. Duk wanda ya koyi ɗinki a hannunsa, ba ya sallamarsa ya buɗe shago sai ya iya bayyana wa wanda bai taɓa riƙe almakashi ba yadda ake yanka wuyan riga. Na san tarko ne, domin ya tabbata ba zai gane ba. Ni kuma na tabbata zan ganar da shi. Aji mai yara saba'in nake riƙewa, ina ga tsoho ɗaya.

Washegari na zo da balan-balan, kamar yadda ake yi a littattafanmu. Na ɗiga mata ɗigo-ɗigo da biro, na ce kowane ɗigo gungun taurari ne, na hura. Maƙwabcin Baba ya leƙo. Shi ma tela ne, dattijo mutumin Bogoro, mai ɗinkin kayan makaranta da kakin sojoji. Shekara da shekaru suna raba inuwar rumfa ɗaya, shi yana tsare wa Baba shago ranar Juma'a, Baba yana tsare masa in ya tafi coci. Ya jawo benci ya zauna kallo.

Na ce, "Kun gani? Kowane ɗigo yana nisantar ɗan'uwansa, kuma babu tsakiya."

Baba ya ce, "Ga tsakiya nan a ciki, inda iskar take."

"Cikin ba ya cikin lissafi, Baba. Fatar kawai za ka duba."

"Ina ganin abu da idona ki ce kada in duba? To, wajen fa? Cikin me yake faɗaɗa?"

Nan na fara zuba Turanci. Duk malamin da ka ji ya koma Turanci a tsakiyar bayani, ƙasa ce ta fara zame masa, na san haka don ina kama ɗalibaina da shi. Na yi ta zuba, Baba yana kallona kamar mai sauraron rediyon da ya kama tashar wata ƙasa. Na ƙara hura balan-balan don haushi, ta fashe mini a fuska. Maƙwabci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, duniya ya tashi!"

Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ai kai ne ba ka son ka gane."

Dariyar ta tsaya cak. Baba ya mayar da ƙafa kan keke, ya ce, "Sai da safe, Uwata." Ko ƙarfe biyar ba ta yi ba.

Kwana shida muna gaisawa kamar baƙi. Na ji kunya ƙwarai, amma abin da ya fi cina shi ne na gano yana da gaskiya. Na iya lissafin, na iya cin jarrabawa a kansa, amma tambaya biyu daga bakin tela sun kayar da ni. Saura kwana bakwai in ba da amsa, takardar tana cikin jakata duk ta yamutse don yawan buɗewa.

Ranar Asabar Inna ta ba ni kwanon masa da miyar taushe ta ce in kai masa shago. Na san dabararta ce, don ba ni ce mai kai abinci ba. Na hau napep zuwa Wunti. Na tarar aiki ya yi wa maƙwabci yawa, gajerun wandunan makaranta na yaran bariki, Baba yana taya shi sa roba a ƙugu. Na durƙusa na ce ya yi haƙuri da maganar da na yi. Ya ce, "Ya wuce," bai ɗago ba. Na zauna a gefe ina kallon hannunsa don ban san inda zan sa idona ba.

Sai na ga abin da na sha gani tun ina yarinya ban taɓa lura ba. Kafin ya ɗinka roba, yakan shimfiɗa ta a tebur ya ɗiga mata alli a wurare daidai wa daida, sannan ya ja ta ta kai faɗin ƙugun wandon. Yana ja, alamomin allin suna rabuwa da juna.

"Baba, ara mini robar nan."

Ya miƙo mini guda. Na ɗiga alama biyar, tsakanin kowace biyu faɗin yatsa ɗaya. Na roƙi maƙwabci ya riƙe bakin can, na riƙe na nan, na ce wa Baba ya sa ido a alama ta farko ya ɗauka nan ne Bauchi. Muka ja har tsawon ya ninka.

"Ta kusa da Bauchi, nawa ta matsa?"

Ya gwada da yatsa. "Ɗaya."

"Ta ƙarshe fa?"

"Huɗu."

"A ja ɗaya, a lokaci ɗaya. Wa ya yi gudu a cikinsu?"

Ya dubi robar. Ya ce, "Babu. Alli ba ya tafiya. Tsakanin ne ya ƙaru."

Wallahi da na rubuta wannan a jarrabawa da an ba ni maki cikakke. Na ce masa abin da masu na'urar hangen nesa suka gani ke nan: gungun taurarin da suke nesa da mu duk suna ƙara nisa, kuma wanda ya fi nisa ya fi saurin nisanta. Ya ce to ashe mu ne a tsakiya, tunda kowa mu yake gudu. Na ce ya bar Bauchi ya koma alama ta uku, ya ɗauka can yake zaune. Muka sassauta muka sake ja. Ya ga na hagu sun yi hagu, na dama sun yi dama. Ya sake zaɓar wata da kansa, muka sake ja. Maƙwabci ya ce, "Kowa yana gani kamar shi ne a tsakiya. Kamar mutanen Wunti."

Baba ya danne murmushi, amma bai sakar mini ba. Ya dawo da tambayarsa ta rannan, cikin me yake faɗaɗa. Wannan karon ban gudu cikin Turanci ba. Na ce, "Ban sani ba, Baba, kuma babu wanda ya sani ko yana da baki kamar robar nan. Abin da aka auna shi ne tsakanin yana ƙaruwa." Ya gyaɗa kai. Na lura "ban sani ba" ta fi shigarsa fiye da duk surutun da na yi da balan-balan.

"To, wa ya je can ya gwada da yatsa?"

Na ce babu wanda ya je, haske ne yake kawo labari. Na rasa yadda zan nuna masa, sai idona ya faɗa kan wandon da ya gama. Na tambaye shi me ya sa ba ya ɗinka roba da miƙaƙƙen ɗinki. Ya dube ni kamar na tambayi me ya sa ake dafa shinkafa da ruwa. Ya ce miƙaƙƙe tsinkewa yake, sai zigizag, shi ne yake buɗewa in an ja. Na ɗauki wandon na ja ƙugun, haƙoran ɗinkin suka wawware. Na ce haske ma tafiyarsa hawa da sauka ce kamar wannan ɗinkin. In ya daɗe a hanya sararin yana miƙuwa, shi ma sai ya miƙe, launinsa ya karkata zuwa ja. Da ganin yadda ya buɗe, sai a san yawan jan da aka yi tun tasowarsa.

Ya karɓi wandon ya ja da kansa sau biyu. Ya ce, "Ikon Allah." Masa tana gefe ta huce, babu wanda ya tuna da ita.

Saura rabi na biyu, iyakar gani, kuma nan ne na san ko dai in ci ko in faɗi. Na ce haske yana da sauri fiye da komai, amma duk da haka tafiya yake yi, ko na rana sai ya yi minti takwas kafin ya iso mu. Sararin kuma yana da farko, shekarunsa sun kusa biliyan goma sha huɗu. Saboda haka akwai wuraren da haskensu ya taso tun tuni amma har yau yana hanya. Inda ganinmu ya tsaya ba nan halitta ta ƙare ba. Nan ne kawai iyakar waɗanda saƙonsu ya riga ya iso.

Baba ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Sai a jira."

Na ce, "Wasu za su iso in an jira. Wasu ba za su iso ba."

Akwai tururuwa suna bin gefen kwanon masa. Na ɗauki ɗaya a kan tsinke na ɗora ta a alama ta ƙarshe, na ce ita ce hasken, Bauchi take nufa. Tururuwar ba ta san da wannan shiri ba, ta juya ta nufi hannun maƙwabci, sai da muka sake ɗora ta sau uku. Da ta kama hanya muka fara ja a hankali. Na ce in jan bai canja ba, komai daɗewa za ta iso. Amma abin da aka auna shi ne jan ƙaruwa yake yi. Muka ƙara ƙarfi. Tana ta sauri da 'yan ƙafafunta, hanyar da ke gabanta tana ƙara tsawo fiye da abin da take cinyewa. Na ce akwai nisan da in haske ya taso daga can yau, ba zai taɓa zuwa nan ba har abada.

"Ko da ya taso?"

"Ko da ya taso, Baba."

"Ko da nan ya nufo, bai tsaya ko'ina ba?"

"Ko da bai tsaya ba. Kuma kafin a daina jin ɗuriyar wuri, saƙonsa yakan riƙa zuwa jefi-jefi, tazarar tana ƙaruwa, yana dusashewa, har a daina gani."

Na faɗi wannan ne don haka yake a karatunmu, ban yi nufin komai ba. Sai da na ga inda idonsa ya tafi sannan na ji abin da bakina ya faɗa. Ƙusar sama yake kallo. Maƙwabci ma ya gani, ya saki bakin robar a hankali, ya sunkuyar da kai.

Ana ta hayaniyar babura a titi, wani yana cinikin shadda a shagon gaba. Can Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Wata-wata. Sannan salla-salla. Sannan guda ɗaya."

Malamar fiziks da ke cikina ta so ta ce mutum ba gungun taurari ba ne, kuma ƙasa ba ta miƙuwa tsakanin Bauchi da Kumasi. Gaskiya ne, kuma ni ba na son a cakuɗa ilmi da abin da ba shi ba. Amma ranar, sau ɗaya a rayuwata, na kama bakina. Baba ba yaro ba ne, ya san bambancin. Shekara arba'in yana da bayani ɗaya tak na shirun ƙaninsa, cewa ya manta da su da gangan. Yau ya ga da idonsa cewa saƙo yana iya tasowa da niyya mai kyau, hanya ta fi ƙarfinsa.

Ya juyo gare ni. Idonsa ya yi ja. "To ke fa? Kina so in sake ki a kan wannan robar?"

Nan ne na gode wa Allah da na yi karatuna da kyau, don amsar gaskiya ce ba lallashi ba. Na ce ba komai ne jan yake rabawa ba. Abubuwan da suke kusa, waɗanda nauyinsu ya riƙe juna, ba sa rabuwa. Rana da duniyarmu ba sa nisantar juna saboda wannan faɗaɗar, haka gungun taurarinmu da maƙwabtansa na kusa. Jan yana cin tsakanin da babu abin da ya ɗaure shi ne kawai.

Ya ɗauki robar, ya yanko ɗan guntun kaki mai kauri daga tarkacen maƙwabci, ya ɗora a kan alama ta farko da ta biyu, ya bi da keke ya danne shi gaba da baya. Ya miƙa wa maƙwabci ɗaya bakin robar, suka ja da ƙarfi har robar ta yi siriri. Sauran alamomin suka watse. Biyun nan ba su motsa ba.

"Haka?"

"Haka, Baba."

Maƙwabci ya ce, "Malam, ka gane ai. Ka bar yarinya ya tafi."

Baba ya ce masa ya riƙe benci. Ya hau, yana dafa bango, ni ina cewa ya bari in hau, yana cewa in rufe masa baki. Ya ciro tsohon ƙyallen daga ƙusar sama, ya sauko, ya kaɗe shi a gwiwarsa. Ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗa, hannu, tsawo. Ya ce, "Ƙanena ya fi ni kafaɗa." Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba sai ranar. Ya rataye shi a ƙasa, cikin na sauran mutane, inda hannu yake kaiwa.

Sannan ya yago sabon ƙyalle ya ce in miƙe tsaye. Ya ɗora a kafaɗata ya ƙulla, ya ja zuwa wuyan hannu ya ƙulla. Ni kuma hawaye suna zuba ban damu in share ba. Ya ce an ce can akwai sanyi, zai yi mini riga mai shafi biyu.

"Na gane, Uwata. Ki rubuta musu."

Na tafi, na yi shekara biyuna, duk Juma'a bayan masallaci ina kiransa a wayar maƙwabci, don shi ba ya jin tasa in tana ƙara. Na dawo, kuma har yau da robar wando nake shiga aji, da guntun kakin a jikinta. Ƙanin Baba kuwa ba mu taɓa samun labarinsa ba, kuma ba na jin za mu samu. Ƙyallensa yana nan a layin ƙasa. Kwanaki ina shagon wani mai kawo ɗinki ya taɓa shi ya ce, wannan tsohon awon na wane ne, mai shi bai dawo ba? Baba yana zura zare a allura, bai ɗago ba.

Ya ce, "Na ƙanena ne. Nisa ya yi."